Ranar Da Yayana Ya Ce Mini "Ku"

Shekara shida na yi ina aiki a otal a Birnin Kebbi. Na fara da wannan ne don mai taɓe baki ya taɓe tun yanzu ya huta, mu ci gaba. Lokacin ba a yanke mana jiha ba, ƙaramar takarda ma sai an je Sakkwato, unguwar Gesse kuwa ba ta cika da gidaje kamar yadda kuke ganinta yau ba. Ban iya karatu ba a lokacin, sai da na haura arba'in na shiga ajin manya. Makullan ɗakuna goma sha biyu ne a hannuna, ban san lambar ko ɗaya ba, don haka na ɗaura wa kowanne zare: ja na ɗakin kusa da famfo, baƙi na ƙurya. Da launi ya ƙare mini sai na koma yin ƙulli.

Ni 'yar Argungu ce. Mahaifinmu manomin albasa ne da shinkafa, kuma mai saukar da baƙi. In albasa ta fito, masu saye daga kudu a zaurenmu suke sauka har a gama ɗinke buhuna. Ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi sai ya sha ruwa ya ci abinci. Akwai wata langa mai murfi, mai zanen jan fure, wadda ba ɗan gidan da ya taɓa sa hannu a cikinta, ta baƙi ce. Akwai tabarmarsu daban. Kuma mahaifinmu ba ya ce wa baƙo "kai", ko da yaro ne sa'an ɗansa. "Kun tashi lahiya? Ku sha hura." Haka har kwana uku. Ran na huɗu da safe sai ya jefa wa mutum basilla da zare, ya ce, "Kai, taso ka kama man buhun ga." Daga nan baƙunta ta ƙare, ka zama na gida, za a aike ka, za a yi maka faɗa, za ka ci tuwo a kwanon da kowa ke ci. Na ga manyan 'yan kasuwa suna washe baki ranar da aka fara ce musu "kai".

Mijina ya rasu cikin damina da ciwon ciki. Na haifi uku, duka ukun ƙasa ta riga ta karɓa. Da na fita takaba na koma gidanmu. Mahaifinmu ya rasu a lokacin, Yayana ne maigida, Inna tana ɗakinta, idonta ya fara dushewa. A shekarar ruwa ya shanye shinkafar fadama. Ba wanda ya taɓa nuna mini na yi yawa, matar Yaya ma mutuniyar kirki ce, amma ina da ido. Ina ganin yadda take rage cikin mudu da gefen hannu kafin ta zuba a tukunya. Wata maƙwabciyarmu mai kai busasshen kifi Birnin Kebbi ta ce mini ana neman mai girki a wani masauki. Na faɗa wa Yaya. Ya ce, "Ke dai kin san gidan da kinka hito." Na ce na sani.

Mai tafiyar da otal ɗin wata mata ce 'yar kudu da ta daɗe a garin, mijinta yana sayar da kayan gyaran mota. Madam muke ce mata. Hausa a bakinta har ta fi ta wasu 'yan gari, in ta zage ka sai ka koma gida kana juya maganar. Ranata ta farko wani mutum ya shigo da jaka, duk ya yi gumi, sai na ruga na ɗebo ruwa a randa na durƙusa na miƙa masa. Da ya wuce Madam ta kira ni kicin.

"Wa ya aike ki?"

"Baƙo na gani."

"Nan ba mu da baƙo. Kwastoma gare mu. Sai ya karɓi makulli, sannan in ya nemi ruwa ki kai masa a tire. Ba ki durƙusa, ba ki zama a ɗakin kowa, ba ki tambayar kowa ina ya fito. Ki ƙwanƙwasa sau biyu. Kowa yallaɓai ne, kowa 'ku' ne, ko da kin ga ya kwana a kwata."

Na koya. Daga girki aka ƙara mini gyaran ɗakuna, kuma wanda ke cire zanin gado ya san mutane fiye da limaminsu. Na goge tofin goro a bango. Na zubar da fitsarin da ƙato ya yi a kwalba don ƙyuyar zuwa bayan gida. Na ga waɗanda ke zuwa tsakanin azahar da la'asar da mace ta ja mayafi har hanci, ran Juma'a kuma ka gan su da babbar riga suna sauri kar sahun gaba ya cika. A bayan otal ɗin akwai mashaya mai ƙofarta daban ta lungu. Ban taɓa ɗaukar kwalbar giya ba, na faɗa wa Madam tun farko, ta ce ba wanda zai sa ni. Amma tagar kicin tana kallon lungun, ina yanka albasa ina ganin masu shiga.

A nan na gane "ku" iri biyu ne. Na mahaifinmu girmamawa ce mai jiran ranar da za ta sauka. Na otal katanga ce. Kana iya ce wa mutum "sannunku da hutawa, yallaɓai" alhali ka ga ƙazantarsa da safe, kuma kai da shi kun san ba za ku taɓa matsowa kusa da haka ba. Ya yi mini amfani, ba zan ƙi faɗa ba. Wani ɗan kwangila ya taɓa riƙe mini wuyan hannu ina ajiye masa shayi. Na ce, "Yallaɓai, ku sake ni." Ya yi dariya. Na sauke masa gefen tire a ƙashin hannu, na ce, "Ku yi hanƙuri, yallaɓai, ya suɓuce." Bai sake ba, bai kuma kai ƙara ba.

A shekarata ta uku wani ma'aikacin gona ya sauka wurinmu, mutumin kudu, cikin masu awon fadama. Abokan aikinsa suka wuce wajen Augie suka bar shi, wai zai biyo su. Kwana biyu ina ajiye abinci a ƙofarsa ina dawowa in same shi yadda na bar shi, ƙuda sun rufe. Na faɗa wa Madam. Ta ce in dai bai kira ba, ba ruwanmu, wasu sun fi son a ƙyale su. Rana ta uku da tsakar rana na ƙwanƙwasa sau biyu, na ƙara biyu, sannan na sa makulli.

Yana ƙasa tsakanin gado da bango, ya yi amai ya kwanta a ciki. Jikinsa kamar murhu. Leɓɓansa sun tsage, yana kiran wani suna da yarensu.

A gidan da na tashi ba a barin baƙo shi kaɗai da ciwo. Abin da na sani ke nan, ban tsaya tunanin wani abu ba. Na buɗe ƙofar har bango na tokare ta da kujera don duk mai wucewa ya ga ciki. Na kwashe aman, na ja shi bisa tabarma, na jiƙa tawul na ɗora masa a goshi. Na dama kunun tsamiya mai ruwa na zauna a ƙasa ina ba shi da cokali, rabi yana shiga rabi yana bin haɓarsa. Madam ta zo ta tsaya a kaina ta wanke ni tas, ta ce in ya mutu a hannuna ni zan yi wa 'yan sanda bayani. Ta gama faɗan, ta ɗaura ɗankwali, ta fita da kanta ta zo da mai allura.

Kwana huɗu ina jinyarsa tsakanin girki da wanki. Da ya iya tsayawa ya ce gida zai tafi. Ba zai iya da jakarsa ba. Na ƙulle masa ƙuli-ƙuli da ɗan busasshen kifi, na ɗora jakar a kai na raka shi tasha, don a wurinmu ba a sallamar baƙo daga bakin ƙofa. Zai shiga mota sai ya juyo ya kama hannuwana biyu, hawaye na zubo masa, ya ce, "Mama, na gode. Mama, na gode." Hausarsa ke nan kusan duka. Na zare hannuna na ce ya shiga kar a cika.

Da na juyo sai muka haɗa ido da wani dillalin albasa na garinmu, mutumin da ya ci tuwon mahaifinmu ba adadi. Na san shi a wani wurin kuma. Duk zuwansa Birnin Kebbi ina ganinsa ta tagar kicin yana shiga lungu da hula a aljihu, kuma ya san na gan shi. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na gaishe shi, ya amsa yana kallon gefe. Ban kawo komai a raina ba.

Bayan wata uku mai kifi ta ce mini ƙafafun Inna sun kumbura. Na roƙi Madam ta ba ni kwana uku. Na sayi sabulu da man zafi da turmin atamfa na hau mota.

Da hantsi na isa. Yaya yana zaure yana gyaran igiya. Da can in na zo ko kai ba ya ɗagawa sosai, sai dai ya ce, "Ke, sai yau? Wuce Inna na ta cigiyarki." Ran nan sai ya ajiye igiyar ya miƙe tsaye.

"Maraba, maraba. Sannunku da zuwa. Kun zaka lahiya?"

Na waiga bayana in ga wa ya biyo ni. Ba kowa, sai akuyar maƙwabta.

"Yaya, ni ta hwa."

"Ƙaƙa hanya? Ƙaƙa mutanen Birni? Ku shigo daga rana."

Ya kira matarsa, ya ce a yi wa baƙuwa shimfiɗa. Ta fito tana kallon ƙasa, ta shimfiɗa mini tabarmar baƙi a ɗakin da ke daf da zaure, inda matan fatake ke sauka. Ba a kai kayana ɗakin Inna ba, inda nake kwana tun da na fita takaba. Yaran gidan da suka saba hawa bayana suna lalube mini jaka aka jero su, suka durƙusa daga bakin ƙofa suka gaishe ni, aka kore su. Can na ji kukan kaza. A shekarar da ake rage mudu da gefen hannu, ni aka yanka wa kaza. Da azahar matar Yaya ta shigo da tuwon shinkafa a langa mai jan fure, ta ajiye a gabana ta buɗe murfin.

Na ce, "Mi na na wanga?"

Ta ce, "Ku ci, don Allah." Ta fita da sauri.

Ban ci ba. Na tashi na shiga ɗakin Inna. Tana kwance, ƙafafun sun yi kamar turmi. Ta shafa fuskata da hannu ta ce, "Ke ta? Kin rame." Wannan "ke" ɗin ne kaɗai na samu a gidan, ban da na ɓoye da matar Yaya ta yi mini daga baya. Na zauna ina shafa mata man zafi, ita ta faɗa mini. Dillalin ya zo zaure, gaban mutane, ya ce ya gan ni da idonsa a tasha wani mutumin kudu ya riƙe ni yana kuka, kuma kowa a Birni ya san na yi kwana huɗu ina shiga ɗakinsa. Ya ce wurin da nake aiki ba masauki ba ne, gidan giya ne. Ya ce don darajar marigayi ya faɗa.

Inna ta ce, "Hwaɗa man gaskiya."

Na faɗa mata duka, har aman, har kujerar da na tokare ƙofa da ita.

Ta ce, "Ubanku da hakanan zai yi." Sai ta ƙara da cewa, "Sai dai shi namiji na."

Na yanke a raina zan wuce kwana uku ko da Madam za ta kore ni. Yaya ɗan mahaifinmu ne, ya san ƙa'idar gidan kamar yadda na sani. Na ce bari in ga abin da zai ce mini ran na huɗu.

Kwana na biyu na ga matar Yaya tana daka, na ɗauki ɗaya taɓaryar. Ta riƙe ta. Muka tsaya muna ja kamar yara. Ta ce a hankali, "Don girman Allah ki sake, ni za ya yi ma hwaɗa." Sai ta ɗaga murya don a ji a zaure: "A'a, ku huta, ku da kunka sha hanya." Na sake mata. Na ɗauki bokiti zan je rijiya, aka karɓe. Ko butar alwala cika mini ake yi a ajiye a ƙofa. Ba abin da aka rage ni da shi. An yi mini miyar kifi, an dama mini fura da nono mai kyau, an kunna mini turaren wuta. Ban taɓa shan wuya irin ta wannan kwana ukun ba, ko ranar da na binne ɗana na ƙarshe, don ran nan aƙalla an bar ni na yi kuka a tsakar gida.

Da la'asar na same shi a zaure shi kaɗai. Ban durƙusa ba.

"Yaya, zage ni."

"Subhanallahi."

"Ka ce man karuwa in ji da kunnena. Ko ka ɗauko igiyar can ka buge ni awa da, lokacin da nib bar awaki sunka shiga albasa. Ka yi man wani abu."

Ya gyara zama. "Mu ba mu zagin baƙi gidan ga. Ko an rage ku da wani abu? Ku hwaɗi a gyara."

"Marar lahiya nib ba kunu. Abin da munka tashi munka ga ana yi cikin zauren ga da kake zaune."

"Zauren ga ba a taɓa sai da ruwan sha ba. Kuma mata ba su taɓa ƙetare shi ba, daga ciki su ka miƙo kwano."

"To shi mai kawo maganar, ka tambaye shi mi ka kai shi lungun bayan otal da hula cikin aljihu?"

Ya dube ni a karo na farko tun zuwana. Na ga maganar ta shige shi, na ga ya san gaskiya ce. Sai ya mai da ido kan igiyarsa.

"Ku ka sanin mutanen wurin. Mu ba mu san su ba."

Ba zan ce Yaya mugu ne ba. Shi ya goya ni ya ƙetare da ni ruwa shekarar da gulbi ya shigo gari. Yana da 'ya'ya mata huɗu da za a zo nema, yana da zauren da masu sayen albasa za su iya daina sauka. Na san duk wannan, a lokacin ma na sani. Amma da ya kira ni gefe ya tambaye ni, ko sau ɗaya, da bakinsa, da yau ba na rubuta wannan.

Rana ta uku Inna ta isar mini da saƙonsa, don shi ba zai faɗa wa baƙuwa irin wannan ba. In bar aikin, in dawo gida in zauna. A tara dattawan dangi, in ce a gabansu na tuba. In na yi haka, magana ta wuce.

Na ce, "In tuba da mi?"

"Ki dai hwaɗi. Kalma guda ta. Allah ya san zuciyarki."

"Inna, in nac ce na tuba, na ce na yi ke nan. Har in mutu ni ta wadda tat tuba. Shi ko dillali shi na mai gaskiya."

Ta juya fuska bango. Ta ce, "Ina son ki kusa, ɗiyata. Ba ni daɗewa."

Wannan maganar har yau ita ce ke tashe ni. Na auna ta ta kowane gefe shekara da shekaru. Aikin zan iya bari, ba gadonmu ba ne. Kalmar ce ta ƙi fita. Na buɗe baki a ɗakin nan in gwada ta ni kaɗai, na kasa. Wata mace da ta fi ni hankali da ta faɗa ta zauna kusa da uwarta. Ni ban iya ba.

Ran na huɗu ina idar da sallar asuba na ɗauki tsintsiya. Na share tsakar gida tun daga ƙofar Inna har bakin zaure, na kwashe tokar murhu, na hura wuta, na ɗora ruwan kunu. Matar Yaya ta fito ta gan ni, ba ta hana ni ba, ta tsaya jikin rumbu tana share ido da bakin zani. Yaya ya dawo daga masallaci ya tsaya yana kallon sharar. Na miƙe da tsintsiyar a hannu ina jira. Ko "ke, kin bar can" ya ce, ya ishe ni.

Ya juya ya koma zaure. Rana ta ɗan ɗaga sai ya aiko a ce mini kaya sun haɗu. Na fita na tarar da rabin buhun albasa, da ƙullin shinkafa, da kifi a kwando, an ɗaure su tsaf da igiyar da yake gyara ranar da na zo.

"Ga ɗan guzuri, ba yawa. Mota na tashi da hantsi, kar ku rasa ta."

Shi da kansa ya ɗora kayan a keke ya tura har tasha, ina biye da shi. Duk wanda muka gamu da shi sai ya tsaya ya ce baƙuwa zai raka. Ya yi magana da direba aka ba ni gidan gaba. Ya tsaya a rana har motar ta tashi, ya ɗaga hannu.

Madam ba ta kore ni ba. Ta dubi albasar da kifin da aka sauke a ƙofar kicin, ta ce, "Kai, gidanku sun iya karɓar mutum."

Na ce, "Sun iya."

Ta dubi fuskata, ba ta yi maganar kwanan da na ƙara ba. Albasar a miyar kwastomomi ta ƙare. Ni ko ɗaya ban ci ba.

Inna ta rasu kafin shinkafa ta nuna. Mai kifi ce ta kawo mini labari, an riga an binne ta tun jiya. Na hau mota da zanin da ke jikina. Wannan karon ban tsaya a zaure ba, na ratsa maza na wuce kai tsaye ɗakin Inna, na zauna a tabarmar masu karɓar gaisuwa kusa da ƙannenta. Ba wanda ya tashe ni, ba a tashin mutum a gidan mutuwa. Mata suna shigowa suna bin layi. Wasu in sun zo kaina su ce, "Ƙaƙa hanƙuri?" su dafa ni. Wasu su tsallake ni su gaida ta gefena. Na riƙe fuskokinsu duka, har yau zan iya lissafa su. A ɗakin na kwana, a kan gadonta, warin man zafin da na kawo bai bar katifar ba.

Bayan addu'ar uku na yafa mayafi zan tafi. Zauren cike yake da maza, Yaya yana tsakiya da carbi. Mu biyu kaɗai Inna ta bari a duniya. Na tsaya daga bakin ƙofa, na durƙusa wannan karon, na ce, "Yaya, ƙaƙa hanƙurinmu?"

Ya ce, "Da godiya. Mun gode da kunka zaka. Allah shi ba da lada."

Wanda ba Bahaushe ba zai ce addu'a ya yi mini. Wannan ita ce amsar da mai mutuwa ke ba wanda ya taso daga wani gida ya zo yi masa ta'aziyya. Ba a faɗa wa wanda aka yi wa rashin. Kowa a zauren ya ji, don carbi ya tsaya a hannuwa da yawa.

Na miƙe tsaye. Na ce, "Ladar mi? Uwata ta. Nonon da kash sha shi nis sha. Ban zaka yi maka gaisuwa ba, mutuwa anka yi man."

Dillalin yana can gefe, ya sunkuyar da kai yana tsintar wani abu a tabarma. Wani tsoho abokin mahaifinmu ya ce, "Yi hanƙuri, ɗiyata, ba wurinta na ba." Na ce, "Baba, ina na wurinta? Ku nuna man in tai can in hwaɗi."

Yaya ya buɗe baki. Na tsaya, na ba shi lokaci, na ba shi fiye da yadda ya kamata mace ta tsaya a zauren maza. Abin da ya fito shi ne, "Allah shi kiyaye hanya."

Na ce amin. Ya yunƙura zai tashi, na ce ya zauna, na san hanyar tasha. Na tafi ni kaɗai, na samu wuri a bayan mota tsakanin kwandunan kifi. Sai da muka wuce fadama kukan ya zo, wata Bafulatana da ban sani ba ta riƙe mini kai har Birnin Kebbi.

Na ƙara shekara uku a otal ɗin kafin in bari don ƙashin kaina. Yaya ya yi shekara goma sha ɗaya bayan Inna. Mun haɗu sau biyu a gidajen dangi, muka gaisa gaisuwa mai kyau, ya tambayi aiki, na tambayi iyali da albasa. Ban sake kwana a gidanmu ba.